Magajiya Daurama: Auren da ya kawo ƙarshen mulkin mata a Daura

Duk wanda ya yi karatun firamare a ƙasar Hausa ya san labarin baƙon da ya iso Daura cikin dare, ya kashe macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu, ya auri sarauniyar garin. Da sunan baƙon ake kiran labarin. Takobin da ake jingina masa yana cikin kayan tarihin fadar Daura, kuma masu fafutukar a ƙirƙiro sabuwar jiha mai hedikwata a Daura sunan Bayajidda suka zaɓa mata. Ita kuwa matar da ya tarar a kan mulki, wadda garin yake hannunta tun kafin ya san hanyarsa, takan fito a labarin kamar tukuicin da aka miƙa wa jarumi.

Idan aka bi labarin ta ɓangarenta, abin da ake gani ya sha bamban. Magajiya Daurama shugaba ce da ta gaji sarauta daga jerin mata, ta fuskanci matsalar ruwa da ta gagari fadawanta, ta yi alkawari a bainar jama'a, sannan alkawarin ya kai ta ga aure ɗaya da haihuwa ɗaya. Wannan aure da wannan ɗa su ne suka mayar da sarautar Daura hannun maza, kuma a kansu aka gina salsalar da aka daɗe ana raba ƙasashe da ita, waɗansu a kira su na halak, waɗansu a kira su banza.

Babu wani rubutu da ya zo mana daga zamaninta. Abin da ake da shi shi ne ruwayar baka da fadar Daura ta adana, da Girgam, wato jerin masu mulkin garin, da abin da malamai da matafiya suka rubuta daga ƙarni na 19. Saboda haka za mu fara bin rayuwarta yadda ruwaya ta kawo, sannan mu auna ta da abin da binciken tarihi ya nuna.

Gidan sarautar mata

Daura tana arewacin Jihar Katsina, dab da iyakar Jamhuriyar Nijar, kuma masarautarta a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5: Daura, Baure, Zango, Mai'aduwa da Sandamu. Jerin masu mulkinta da mace ya fara. Kufuru ce ta farko, sai Gino, Yakumo, Yakunya, Walzamu, Yanbamu, Gizirgizir da Innagari, waɗanda ruwaya ta ce sun zauna a Tsohon Birni, 'yar tazara daga inda garin yake yanzu. Ta 9 a jerin ita ce Daura ko Daurama, wadda aka ce ta taso da fada zuwa sabon mazauni, garin ya ɗauki sunanta. Bayanta akwai waɗansu 8: Gamata, Shata, Batatume, Sandamata, Jamata, Hamata, Zama da Shawata. Jimilla mata 17 ke nan, ɗaya bayan ɗaya.

A kan wadda ta auri Bayajidda ruwayoyi sun rabu biyu. Waɗansu sun ce Dauramar da ta kafa sabon garin ce. Waɗansu sun ce ta ƙarshe ce, Shawata, wadda ita ma ake kira Daurama. Lissafi ya fi goyon bayan ra'ayi na biyu, domin idan ta 9 ce ta haifi namijin da ya gaje ta, ina za a kai mata 8 da suka biyo baya?

Akwai wani abin lura game da sunayen matan labarin. Magajiya sarauta ce, kamar yadda Magaji yake ga namiji. Daurama kuma tana ɗauke da ɗafin nan na ƙarshe da ake ji a Galadima, Ciroma da Yarima, sarautun da Hausawa suka aro daga Barno, don haka ma'anarta ta kusa ita ce mai Daura. Matar da Bayajidda ya fara aura a Barno ana kiranta Magira ko Magaram, kuma dukkan kalmomin biyu sarautun mata ne a fadar Mai: ta farko ta uwar sarki, ta biyu ta 'yar'uwarsa. Baiwar da ta haifa masa ɗa a Daura ana kiranta Bagwariya, wato da sunan ƙabila. Mata 3 ne suka haifi 'ya'yan Bayajidda; biyu an fi sanin su da muƙami, ɗaya da asali.

Ruwayar fada ta ƙara da cewa al'ada ta hana mai riƙe da gadon Magajiya kusantar namiji muddin tana kan mulki. Ko mene ne asalin wannan doka ta fuskar addinin wancan zamani, amfaninta a siyasa a fili yake. Sarauniyar da ba ta da miji ba ta da wanda zai raba iko da ita, wadda ba ta haihu a kan gado ba kuma ba ta da ɗan da zai taso yana neman gadon.

Matar da aka bari a hanya

Kafin ya iso Daura, Bayajidda ya riga ya taɓa aure a gidan sarauta, kuma bai ji da daɗi ba. Ruwaya ta ce sunansa Abu Yazid, ɗan wani sarkin Bagadaza mai suna Abdullahi, ya baro gida da rundunar mayaƙa ya sauka a Barno. Mai na Barno ya ga ƙarfin baƙon ya fi ƙarfin a tunkare shi da yaƙi, sai ya aura masa 'yarsa, sannan ya riƙa aron mayaƙansa kashi-kashi yana tura su wurare daban-daban, har baƙon ya wayi gari daga shi sai matarsa. Da suka gane ana shirin halaka shi, suka gudu yamma.

A Garun Gabas, kusa da Haɗeja ta yau, ciki ya hana matar ci gaba da tafiya. Nan ya bar ta, nan ta haifi ɗansa na fari, Biram, wanda ake jingina wa kafa ƙasar Biram ta Gabas. Shi kuwa ya wuce Gaya, inda maƙera suka ƙera masa makami, daga nan ya nufi Daura. Wanda Daurama za ta haɗu da shi, saboda haka, mutum ne da ya ga yadda sarki kan yi amfani da aure ya karya baƙo. A Daura sai ya juya darasin.

Rijiya da alkawari

Daurama tana mulkin gari, amma rijiyar da garin ke sha ba ta hannunta. Macijiyar da ke cikin Kusugu, wadda ake kira Sarki, ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Masu nazari da dama na kallon macijiyar a matsayin alamar wani tsafi ko wani rukunin masu iko da ke riƙe da ruwan garin. Ko ta yaya aka fassara ta, ma'anar ɗaya ce: a Daura akwai iko biyu, na fada da na rijiya, kuma a ƙasar da rani ke daɗewa, mai riƙe da ruwa ba ƙaramin sarki ba ne.

Baƙon ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta shaida masa dokar rijiyar. Ya ari guga ya tafi, ya sare kan macijiyar, ya jefa shi a jaka, ya bar takalminsa ɗaya a wurin. Da gari ya waye labari ya isa fada. Ruwaya ta ce Galadima ya je ya hango daga nesa, tsoro ya hana shi matsawa, Kaura ne ya isa bakin rijiyar ya taɓa gawar ya dawo da tabbaci. Sarauniya ta sa aka yi shela cewa wanda ya yi wannan aiki yana da rabin gari. Masu da'awar ƙarya suka yi ta zuwa, babu mai kan macijiyar. Sai Ayana ta tuna da baƙonta. Aka kira shi, ya fito da kan, takalmi kuma ya dace da ƙafarsa.

A nan ne labarin ya koma na siyasa zalla. Daurama ta cika alkawari, ta miƙa rabin gari. Baƙon ya ƙi karɓa, ya nemi aurenta. Wanda ya karɓi rabin gari ya tsaya a rabi, kuma zai zauna yana gogayya da mai ɗaya rabin. Wanda ya auri mai gari kuwa, 'ya'yansa na iya gadon duka. Ita ma sarauniyar tana da nata lissafin. Raba Daura gida biyu zai bar ta da maƙwabci mai makami wanda talakawa ke ganin shi ya ba su ruwa. Aure zai bar garin a dunƙule, ya kuma shigo da jarumin cikin gidanta inda za ta iya sa masa ido. Farashin shi ne dokar da ta kare gadon Magajiya tun daga Kufuru. Ta amince.

Mutanen gari suka riƙa kiran angon Makas-Sarki, kuma ruwaya ta ce daga nan aka gajarta laƙabin ya koma sarki. Sunan Bayajidda kansa ana fassara shi da wanda ba ya jin harshen gari a da.

'Ya'ya biyu, suna biyu

An ɗaura aure, amma amarya ba ta tare ba. Wata ruwaya ta ce sai da aka yi wasu tsarabe-tsaraben al'ada kafin a warware mata haramcin da ke kanta. Wata ta ce ta jira ne sai ya koyi harshe. A tsakanin wannan lokaci ta ba shi baiwarta Bagwariya ta zama sa-ɗakarsa. Mai yiwuwa ta ɗauka ta sami mafita: ga alkawari ya cika, ga miji ya sami mai ɗebe masa kewa, ga gadonta ba a taɓa shi ba.

Bagwariya ta yi ciki, ta haifi namiji, aka raɗa masa Karɓagari, waɗansu su ce Karaf-da-gari. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da kishiyoyi ya san yadda suna kan zama habaici, amma wannan ya wuce habaicin tsakar gida. Shela ce cewa ɗan baƙo da baiwa yana da haƙƙi a kan Daura. Idan sarauniya ta mutu ba ta haihu ba, mutanen da suka saba ganin Makas-Sarki a fada ba za su sha wahalar karɓar ɗansa ba, kuma jinin gidan Kufuru zai fita daga sarauta gaba ɗaya.

Daurama ta amsa da abin da ya rage mata. Ta kammala abin da al'ada ta tanada, ta tare, ta yi ciki, ta haifi namiji, ta raɗa masa Bawo, sunan da ake fassarawa da a mayar da gari ga masu shi. Shi kaɗai ne ɗan da ruwaya ta ambata mata.

Irin wannan takara tsakanin ɗan uwargida da ɗan sa-ɗaka sananniya ce a gidajen mulki na wancan zamani, kuma ba kullum ɗan uwargida ke cin nasara ba. A Bagadazan da aka ce Bayajidda ya fito, Halifa Haruna Rashid ya rasu a 809 ya bar Amin, ɗan Zubaida 'yar gidan halifanci, da Ma'amun, ɗan wata baiwa. Yaƙi ya ɓarke tsakaninsu, aka kashe Amin a 813, Ma'amun ya riƙe halifanci. A daular Farankawa ta yammacin Turai, da Pepin na Herstal ya mutu a 714, uwargidansa Plectrude ta tsare Charles, ɗan da ya haifa da wata mace, domin ta riƙe mulki wa jikanta. Charles ya tsere, ya ci ta da yaƙi, shi ne tarihi ya sani da Charles Martel, kakan Charlemagne. A Daura uwargida ce ta yi rinjaye, kuma ruwaya ba ta kawo labarin zubar da jini ba. Bawo ne ya gaji gari.

Sai dai nasarar ta zo da asara. Daurama ta tsare wa jininta Daura, amma ta hanyar ɗa namiji, wanda ya haɗa haƙƙin uwa da takobin uba. Daga ranar da Bawo ya hau gado, jerin Magajiyoyi masu mulki ya tsaya a 17.

Jikoki shida

Bawo ya haifi 'ya'ya maza 6, kuma waɗansu ruwayoyi sun ce tagwaye ne biyu-biyu daga mata 3. Gazaura, wanda ake kuma kira Kazuru, ya zauna a Daura. Bagauda ya tafi Kano, Kumayau Katsina, Gunguma Zazzau, Duma Gobir, Zamnakogi kuma Rano. Idan aka haɗa da Biram, ɗan matar da aka bari a Garun Gabas, an sami Hausa Bakwai. Ruwaya har rabon aiki ta yi musu: Kano da Rano sarakunan baba, wato rini, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi.

Ma'anar wannan ita ce 6 daga cikin gidajen sarauta 7 da ake ɗauka su ne tushen ƙasar Hausa suna komawa ga mace ɗaya. Wannan ne ya ba Daura matsayin da take da shi har yau, na uwa a tsakanin biranen da suka fi ta girma da dukiya da ƙarfin soja.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci Bagauda ɗan Bawo a matsayin sarkin Kano na farko, kuma lissafin Palmer ya sa mulkinsa tsakanin 999 da 1063. Idan aka yarda da wannan lissafi, kakarsa Daurama ta rayu ne a ƙarni na 10. Littafin ya kuma nuna cewa akwai mutane a gindin Dala tun kafin zuwan Bagauda, da jagoransu Barbushe da abin bautarsu Tsumburbura. Wato jikokin Daurama gidajen sarauta suka kafa a kan al'ummomin da suka tarar. Salsalar ta masu mulki ce. Manomi da maƙeri da marini suna nan tun kafin a fara ta.

Waɗanda aka kira banza

Karɓagari ma an ce ya haifi 'ya'ya 7, kuma su ake jingina wa Zamfara, Kabi, Yawuri, Nufe, Gwari, Kwararrafa da ƙasar Yarabawa. Su ne Banza Bakwai. Matafiyin Jamus Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya tarar ana amfani da wannan rabo. Jerin bai tsaya a wuri ɗaya ba. A wasu ruwayoyi Borgu da Gurma kan shigo a madadin waɗansu.

Wannan laƙabi yana da rauni ta fuska biyu. Ta fuskar shari'ar Musulunci, ɗan da mutum ya haifa da sa-ɗakarsa ɗa ne 'yantacce, yana gado daidai da ɗan matar aure. Annabi Isma'ila, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ɗan Hajara ne. Sarakuna da yawa a Kano da Sakkwato da sauran masarautu 'ya'yan sa-ɗaka ne, ba wanda ya taɓa cewa sarautarsu ta banza ce. Ta fuskar harshe kuma, Kabawa da Zamfarawa Hausa suke yi. Kabi ta Kanta ta yi ƙarfin da ta ɓalle daga Songhai a ƙarni na 16 ta kuma gagari maƙwabtanta, Zamfara ta yi zamaninta kafin Gobir ta karya ta a ƙarni na 18. Abin da ya sa su cikin Banza Bakwai shi ne suna wajen da'irar gidajen sarautar da ke ganin junansu 'yan'uwa.

Salsala makami ce da kowa kan juya yadda ya so. Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo wata ruwaya da ke cewa Bawo bawan Sarkin Barno ne, kuma daga gare shi masu mulkin ƙasashen Hausa suka fito, in ban da Gobirawa da ya keɓe. Ɗan da Daurama ta haifa domin kada ɗan baiwa ya karɓe gari, ga shi a wata ruwaya an mayar da shi kansa bawa, a rubutun jagoran jihadin da ya tumɓuke zuriyarsa. Matasan da ke kwana suna jayayya a Facebook da TikTok kan wane ne Bahaushe na asali, wane ne baƙo, ya kamata su san cewa ma'aunin da suke ɗauka dauwamamme ne an sha sauya shi, kuma kowane sauyi yana da wanda ya amfana.

Abin da bincike ya nuna

Idan aka ɗora labarin a kan shekarun da tarihi ya tabbatar, wasu sassansa sun girmi wasu. A ƙarni na 10 gidan sarautar Mai yana Kanem, gabas da Tafkin Chadi. Sai a ƙarshen ƙarni na 14 ya ƙaura zuwa Barno, Birnin Ngazargamu kuwa a ƙarni na 15 aka gina shi. Musulunci ya kafu a fadar Kanem a ƙarshen ƙarni na 11, a Kano kuma Tarihin Kano ya jingina zuwansa ga Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. To macijiyar da ke ware ranar Juma'a, da Galadiman da ke fadar Daurama, da Barnon da baƙon ya sauka, duk alamu ne cewa an sake ɗinka labarin a zamanin da Musulunci ya kafu kuma Barno ta zama babbar daular da biranen Hausa ke aika wa gaisuwa. Asali daga Bagadaza, cibiyar halifanci, daraja ce da gidan sarautar Musulmi zai so.

W. K. R. Hallam, a wata maƙala ta 1966, ya danganta sunan Abu Yazid da wani ɗan tawaye mai wannan suna, wanda ake wa laƙabi da mai jaki, da ya tayar wa daular Faɗimiyawa hankali a yankin Tunisiya ta yau har aka murƙushe shi ya mutu a 947. A ganinsa, wataƙila waɗansu mabiyansa ne suka ratso Sahara suka iso kudu. Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 1970, ya ɗauki wata hanya dabam: ya nuna cewa daulolin Hausa sun tsiro ne sannu a hankali daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, ta hanyar noma da ƙira da fatauci da wuraren bauta, kuma zuwan jarumi ɗaya daga gabas ba zai bayyana su ba.

Abin sha'awa shi ne ɓangaren labarin da ya fi wuyar ƙirƙira shi ne na matan. Fadar da ke son ƙawata asalinta za ta iya ƙago ɗan sarkin Bagadaza. Da wuya fadar maza Musulmi ta zauna ta ƙago wa kanta kakanni mata 17 da sunayen da ba su da alaƙa da Larabci. Ga kuma shaidu daga maƙwabta: Amina a Zazzau, sarautar Inna a Gobir, sarautar Iya a gidan Katsinawa na Maraɗi, da Sarauniya Mangu ta Lugu a Nijar ta yau, wadda ta yi tsayayya da ayarin sojan Faransa a 1899. Mata a kan mulki ko a gefen gadon mulki ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa.

Abin da ya rage

Zuriyar da ke jingina kanta ga Bawo ta riƙe Daura har zuwa 1805, lokacin da Malam Isiyaku, mai riƙe da tutar jihadi, ya ci garin, Sarkin Gwari Abdu ya fice. Magadansa suka kafa sarautu a Zango da Baure. A farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura, abin da ya sa Daura ta zama cikin masarautu ƙalilan da tsohon gidan Hausa ya koma gadonsa. Ɗansa Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sai Umar Faruk Umar da ya hau a 2007. A ma'aunin ruwaya, burin da Daurama ta sa a sunan ɗanta ya cika sau biyu: gari ya koma ga masu shi.

Sarautar Magajiya ma ba ta mutu ba, ta dai sauko daga kan gado zuwa gefensa. M. G. Smith, a littafinsa kan siyasar Daura na 1978, ya bayyana Magajiya a tsohon tsarin mulkin garin a matsayin babbar mace ta gidan sarauta, mai ikon tsawata wa sarki da taka masa birki. Wannan iko ya yi ta raguwa har ya koma na girmamawa.

Daga baya, da aka zo zamanin ƙuri'a, yankin da tarihinsa ya fara da mata 17 shi ne na ƙarshe a Nijeriya da ya bar mata suka yi zaɓe. Matan kudu sun kaɗa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959. Matan arewa sai a 1976 suka sami wannan dama, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba da ta sha ɗauri a kanta. Bayan zaɓen 2023, mata 4 ne suka sami kujera a Majalisar Dattawa mai kujeru 109, kuma har zuwa wannan zaɓe babu jihar da ta taɓa zaɓen mace gwamna. Sau da yawa idan aka tayar da maganar, amsar da ake bayarwa ita ce al'adarmu ba ta san shugabancin mace ba. Girgam na Daura bai goyi bayan wannan amsa ba.

Rijiyar Kusugu tana nan a cikin birnin Daura, an gina mata ɗaki, masu ziyara na zuwa su ɗebi ruwanta. Kowace shekara a watan Mauludi garin kan yi Sallar Gani, a fito da dawaki, a tuna da asali. Ɗalibin da aka tambaya Hausa Bakwai zai jero su ba tare da ya numfasa ba. Da za a ƙara masa tambaya ɗaya, a ce ya kawo sunaye 3 daga cikin matan da suka mulki Daura kafin Bawo, da an ga iyakar abin da aka koya masa.